Babi na Shida: Sirrin Da Ba a Yarda a Gwada

Babbar hanyar Togo mai lamba ɗaya ta taso daga Lome a bakin teku, ta ratsa Atakpame da Sokode da Kara da Mango da Dapaong, ta tuƙe a Cinkasse, iyakar Burkina Faso. Da wuya mota ta tsaya a wata tasha ta wannan hanya a rasa mai maganin maza. A kasuwar Dapaong za ka tarar da shi ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayansa: saiwoyi ɗaure da zare, sassaƙe, garin magani ƙulle a leda, kwalaben jiƙo masu ruwan ƙasa-ƙasa, sai wasu 'yan kwalaye ja da ruwan zinariya masu rubutun Sinanci, da hoton damisa ko doki a jikinsu. Da yawa cikin masu wannan sana'a Hausawa ne, daga Nijar ko Nijeriya ko zangon garin. Mai saye ba ya tsayawa kai tsaye. Sai ya wuce, ya dawo, ya tsuguna kamar mai neman maganin basir, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, wani abokina nake tambayar wa." Mai magani ya riga ya gane. Sai ya ce, "Alhaji, sanyi ne da dattin mara. A sha wannan kwana bakwai, amma fa a kiyaye zaƙi da maiƙo."

Wannan tsohuwar kasuwa ce. Sabon abin ta waya ya shigo. A 'yan shekarun nan samarin Sokode da Dapaong, 'yan makaranta da masu haya da babur da yaran shago, suna ta tura wa juna bidiyo da Faransanci a WhatsApp da TikTok da YouTube, inda ake koya musu cewa ƙarfin namiji duk a maniyyinsa yake, kuma wanda ya riƙe shi kwana 30 ko 90 zai samu kwarjini da kaifin ƙwaƙwalwa da farin jini, har da buɗin arziki. Masu aure ana koya musu yadda za su kusanci iyali ba tare da sun kawo ba, su ja "ƙarfin" ta gadon baya zuwa kai. Hujjar da ake kafawa kullum ɗaya ce: wai sirri ne na tsofaffin malaman ƙasar Sin, mabiya tafarkin Dao, da aka ɓoye shekaru dubbai.

Ban ga abin dariya a wurin yaron da ya kama wannan koyarwa ba. Galibi saurayi ne da aure ya yi masa nisa saboda tsadar rayuwa, hotunan batsa sun addabe shi a waya, yana neman abin da zai kame kansa da shi. Niyyarsa mai kyau ce, kuma saboda kyawunta ne ya cancanci a gaya masa gaskiyar abin da aka miƙa masa.

Tsufan koyarwar gaskiya ne. A 1973 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin rubuce-rubucen da aka samu akwai masu bayanin saduwar miji da mata a matsayin hanyar lafiya da tsawon rai. Sun Simiao, babban likitan zamanin daular Tang a ƙarni na 7, har jadawali ya tsara: ɗan shekara 20 ya fitar sau ɗaya a kwana 4, ɗan 30 a kwana 8, ɗan 40 a kwana 16, ɗan 50 a kwana 20. Wasu littattafan sun ɓace a Sin, sai a Japan aka same su cikin wani kundin likitanci mai suna Ishinpo da Tamba Yasuyori ya haɗa a 984. Tunanin da ke ƙarƙashinsu shi ne maniyyi da ɓargo da ƙwaƙwalwa abu guda ne, kuma an auna wa kowane namiji rabonsa tun haihuwa, in ya ƙare rai ya ƙare. Ba Sinawa kaɗai suka yi wannan zato ba. A Indiya ana cewa ɗigo arba'in na jini ke yin ɗigon maniyyi ɗaya. A 1760 wani likitan Suwizalan, Tissot, ya fitar da littafin da ya tsorata Turawa fiye da shekara ɗari da irin wannan lissafi. Mu ma nan muna jin ana cewa yawan kusantar iyali yana tsotse ɓargo, yana kawo ciwon baya.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne masu shakka na farko 'yan gida ne. Ge Hong, wanda ya rubuta littafinsa Baopuzi wajen shekara ta 320, mabiyin Dao ne na gaske, amma ya ce dabarun shimfiɗa kaɗai ba sa kai mutum ga rai madawwami, ya kuma soki masu zuzuta su. A 415 Kou Qianzhi ya fara gyaran ɗariƙar da ake kira ta Malaman Sama, cikin abin da ya soke har da ibadun saduwa da ake yi a cikinta. Ɗariƙar Quanzhen da Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12, wadda har gobe tana cikin manyan rassan Dao biyu, zuhudu da rashin aure ta zaɓa wa masu hidimarta. Shi kansa Sun Simiao ya yi gargaɗi cewa mai ƙarfin jiki da ya matsa wa kansa riƙewa fiye da kima zai jawo wa kansa ciwo. Ke nan abin da ake sayar wa saurayin Sokode da sunan koyarwar Dao wani reshe ne da masu gidan suka yi shekara fiye da 1,500 suna jayayya a kansa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Wasu daga cikin tsofaffin littattafan suna umartar namiji ya riƙa sauya mata, ya zaɓi ƙanana, ya ɗebi ƙarfinsu ya bar su, har suna ɗaukar mace tukunyar haɗa magani. Sarki Jiajing na daular Ming, wanda ya hau mulki a 1521, ya saki jiki da malaman fada masu yi masa alƙawarin tsawon rai. Aka riƙa tara 'yan mata ƙanana a fada ana ɗibar jinin al'adarsu don haɗa masa magani. A 1542 wasu kuyangi 16 suka shiga ɗakin da yake barci da dare suka shaƙe shi da igiya. Bai mutu ba, su aka kashe. Ya rasu a 1567 yana da shekara 59. Kafin shi, sarakunan Tang da dama, irin su Xianzong a 820 da Wuzong a 846, sun sha magungunan tsawon rai masu guba har suka illata su. Mutanen da suka fi kowa iko da dukiya a zamaninsu ke nan, kuma malaman da suka fi kowa suna ne suka ba su.

To jiki fa, me ya ce? Maniyyin da namiji ke fitarwa a lokaci guda mililita 2 zuwa 5 ne galibi, cikin ƙaramin cokali ko ƙasa da haka. Mafi yawansa ruwa ne daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara da wani ƙululu da ke ƙarƙashinta, wanda likitoci ke kira furostet. Ƙwayoyin haihuwar ɗan ƙaramin kaso ne na ruwan. Maraina suna ƙera miliyoyinsu kowace rana tun daga balaga har tsufa, waɗanda ba su fita ba jiki ya narkar da su, ko su fita a mafarki. Babu rumbun da ake cikawa, babu kuma wanda ke ƙarewa. Dabarar da tsofaffin littattafan suka fi ji da ita, wato danne tsakanin maraina da dubura a daidai lokacin kawowa don a mayar da maniyyi ƙwaƙwalwa, likitoci sun san inda take kai shi. Mafitsara yake komawa. Mutum ya tashi ya yi fitsari ya gan shi fari-fari, to maniyyinsa ne ya fito ta nan. Babu wata magudana daga maraina zuwa kai ta gadon baya. Ga ma'auratan da ke neman haihuwa kuwa, wannan dabara hana ciki take yi.

Masu bincike a Jami'ar Harvard sun bi lafiyar maza kusan 32,000 daga 1992 zuwa 2010, suka buga sakamakon a 2016. Waɗanda suka ce suna fitarwa sau 21 ko fiye a wata, haɗarin kamuwarsu da sankarar furostet ya yi ƙasa da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da masu sau 4 zuwa 7. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa wannan ne ya haifar da wancan ba, kuma kada kowa ya mayar da shi lasisin fasadi. Amma ya isa ya rushe tsoron cewa magidanci mai kusantar iyalinsa yana zubar da ransa. Shi kuma saurayin da ya bar kallon batsa, ya koma barci da wuri, ya kama motsa jiki, ya ce ya ji ƙarfi, gaskiya ya faɗa. Barcin ne da natsuwar da barin abin da yake cin ransa suka ba shi wannan ƙarfi, kuma duk yana da su tun kafin bidiyon ya iso.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan koyarwa a wajen Sin shi ne Mantak Chia, haifaffen Bankok a 1944, iyayensa Sinawa. Ya koma New York a 1979, ya fitar da littafinsa kan sarrafa ƙarfin sha'awar namiji a 1984 tare da wani Ba'amurke, Michael Winn, aka fassara littattafansa zuwa harsuna da yawa har da Faransanci. Daga baya ya buɗe cibiya kusa da Chiang Mai a Tailan, inda mutane ke biyan kuɗi su koya, wasu su karɓi takardar izinin koyarwa. Ya ce ya karɓi ilminsa a Hong Kong daga wani tsohon mai halwa da ake kira Yi Eng. Kusan duk abin da mai karatu zai samu game da wannan tsoho daga bakin Chia da almajiransa ya fito. Ban kira shi maƙaryaci ba. Abin da nake cewa, salsala ce mai shaida ɗaya, shaidar kuma shi ne mai cin ribar maganar. Wanda ya yi bidiyon da ya iso Dapaong ma bai kai nan ba: ya karanta littafin wani ne, ko ya kalli bidiyon wani, a ƙarshe kuma yana da darasin da yake sayarwa.

Mu bai kamata a yi mana wannan wasa cikin sauƙi ba, domin a gidanmu aka raini ilmin tantance mai ba da labari. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, yaya riƙonsa, yaya gaskiyarsa a kasuwa. Ko malamin zaure a Didaure, tsohuwar unguwar Musulmin Sokode da fataken hanyar goro suka raya, an san wurin wa ya sauke Risala, wa ya ba shi ijaza, kuma waɗancan malaman suna da 'ya'ya da almajirai da za a iya tambaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Salaga sannan Kete-Krachi a lokacin tana ƙarƙashin Togon Jamus, ya ga irin wannan da idonsa. Wajen 1904 da 1905 wani mai wa'azi da ake kira Malam Musa ya ratsa yankin, jama'a na tururuwa a bayansa. Alhaji Umaru bai bi yayi ba, ya rubuta waƙa da Larabci yana tuhumar da'awarsa. Da wannan gadon a hannunmu, abin takaici ne yadda muke kwance ma'auni da zarar an ambaci kalmar sirri, ko daga Sin ya zo ko daga malamin tsibbun bayan gida.

A Sokode akwai bikin da ya kamata a tsaya a kansa. Kowace shekara ana yin Gadao-Adossa, kuma a ranar Adossa mazaje ke fitowa fili da wuƙaƙe da takubba bayan sun sha abin da manya suka haɗa musu. Ganga na tashi, mahaya dawaki sun yi ado, sai ka ga ƙato ya tuɓe riga ya ja kaifin wuƙa a cikinsa, ya ja a damtse, ya ja a wuya, har a harshe, jama'a na sowa. Duk wanda ya san 'yan tauri na ƙasar Hausa ya san wannan wasa. Biki ne na tarihi da jarumtar mayaƙan da suka tsare garin, kuma ina ganin girmansa. Abin lura yana wajen sharaɗi. Tambayi duk mai maganin tauri a ko'ina, zai lissafa maka abin da ke karya shi: kada a ci kaza, kada mace mai haila ta taɓa, kada a ƙetare kaza, kada a kusanci iyali a ranar. In wuƙa ba ta kama ba, magani ya ci. In ta kama, an karya sharaɗi. Ta kowace fuska maganin ya fita, mai shan ne ke da laifi.

Haka malamin bidiyo yake yi. In ka riƙe kwana 60 ka ji daɗi, koyarwa ta yi aiki. In ka samu ciwon mara da nauyin maraina da rashin barci, wai ƙarfin ne ya toshe saboda ba ka iya juya shi ba, sai ka sayi darasi na gaba. In ka yi mafarki, ka faɗi, koma kwana na ɗaya. Mai buhun kasuwa ma haka: ka sha zaƙi, shi ya sa. Malamin da ya ba da laya ya ce imaninka ne ya yi rauni. A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace amfani ga mai neman sanin ko malami abin yarda ne, ta fi tambayar rawaninsa ko yawan mabiyansa: "Allah gafarta Malam, in abin bai yi ba, ta yaya za mu gane maganin ne bai yi ba?" Mai gaskiya yana da amsa, zai ce in kwana kaza ya wuce ba ka ga kaza ba, ka bari ka nemi wani. Wanda ya fusata, ko ya ce tambayar ma kanta tana karya lakani, ya riga ya ba ka amsa.

Wani lokaci kuma maganin yana aiki, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. Tun da Amurka ta amince da Viagra a 1998, sinadarin da ke cikinta, sildenafil, ya zama abin da masu haɗe-haɗe ke zubawa a ɓoye cikin jiƙo da shayi da zuma da 'yan kwalaye masu cewa ganye ne zalla. A Singafo, a watanni biyar na farkon 2008, an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga saboda sugan jininsu ya faɗi warwas, 4 suka mutu. Bincike ya nuna sun sha magungunan maza na bayan fage da aka gauraya da maganin ciwon suga. A 2019 Zambiya ta hana sayar da wani lemon ƙara kuzari bayan an samu sildenafil a ciki. A 2024 hukumar magunguna ta Kodebuwa ta dakatar da Attote, jiƙon da ake haɗawa a Korhogo, a kan wannan dalili. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan buɗe jijiya irin na naitret, in ya haɗa da sildenafil, jininsa na iya faɗuwa ya tafi ke nan. Ga kuma tiramol da samari ke haɗiya don jinkirta kawowa, mai miligiram 225, alhali likita kan ba da 50 zuwa 100. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, kuma a Lome ne, a Janairun 2020, wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Togo da Nijar da Gana, suka sa hannu a yarjejeniyar yaƙi da fataucinsa.

Wani abin lura: yadda muke jin kwarjinin sirrin Sin, haka wasu ke jin namu. Baƙin gagai da Hausawa suka daɗe da sani yanzu a kwalba ake sayar da shi a Amurka da sunansa na kimiyya, Fadogia agrestis, a matsayin sirrin Afirka. Hujjarsu binciken da aka yi a Jami'ar Ilori aka buga a 2005, a kan ɓeraye. Waɗannan masu binciken daga baya sun nuna alamun illa ga maraina da hanta da ƙodar ɓerayen, amma ba a cika ɗora wannan a jikin kwalba ba.

A duk wannan kasuwa, daga fadar Jiajing zuwa wayar saurayi, ba a tambayar mace. Magidancin da ya ƙaurace wa matarsa wata uku don tara ƙarfi, ko ya mayar da shimfiɗarsu filin atisaye yana ƙirga numfashi, bai shawarce ta ba. Fiƙihun da ake karantawa a Sokode da Dapaong bai yarda da haka ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce ba a yi wa matar aure 'ya azalu, wato zubar da maniyyi a waje, sai da izininta, domin tana da haƙƙi a jin daɗi da haihuwa. Manzon Allah (SAW) ya hana Usmanu ɗan Maz'un ƙaurace wa aure don ibada, ya kuma gaskata Salmanu lokacin da ya tunatar da Abu Darda'i haƙƙin iyalinsa. Ga wanda ya kasa kuwa, Risala ta yanke ajali a fili: a ba shi shekara guda, in ya iya shi ke nan, in bai iya ba a raba auren idan matar ta so. Malamanmu sun tattauna wannan a zaure da rana tsaka, da wa'adi da hukunci, ba su mayar da shi sirri ba.

Kunyar da ke sa magidanci ya ce na abokinsa yake tambaya ita ce ke hana shi zuwa inda ya kamata. Jijiyoyin jinin gaba sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya 3 zuwa 4. Saboda haka idan suga ko hawan jini ko kitse ko taba suka fara ɓata jijiyoyi, a shimfiɗa ake fara gani, sau da yawa shekara biyu zuwa biyar kafin zuciya ta nuna alama. Ɗan shekara 45 da ya ga rauni ya ɗore masa watanni, abin da yake buƙata da farko awon suga da awon jini ne, kuma ana yin su a babban asibitin yanki na Sokode da na Dapaong da ƙananan asibitocin unguwa, cikin 'yan mintuna. Ya gaya wa likita duk abin da ya riga ya sha, da sunansa da yawansa. Wanda kuma ya sha wani abu gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, musamman mai sikila, kada ya jira gari ya waye, domin bayan wannan lokaci naman wurin yana fara mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.